Kafin Wani Ya Yi Rajistar Sunan Hausa

A 2012 wani kamfanin dillancin sunayen intanet mai suna Top Level Domain Holdings, wanda rajistarsa ke tsibiran Virgin na Birtaniya, ya ajiye dala 185,000 ya nemi a damƙa masa .zulu. Sunan al'umma guda ke nan, mai sarki da harshe da tarihi, aka jera shi cikin haja. Sai da kwamitin gwamnatoci na hukumar ICANN ya sa baki a taron Beijing na Afrilun 2013, ya ce a dakata, daga baya aka janye takardar. Zulawa sun sha ne domin an samu masu ido a ɗakin ranar da ake bukatarsu.

Ƙofar da waccan takarda ta shigo ta cikinta ta shafe shekara 14 a rufe. ICANN, hukumar da ke raba waɗannan sunaye, ta tsayar da Afrilun 2026 domin karɓar sababbin takardu, kowace a kan dala 227,000. A cikin ƙa'idojin wannan zagaye babu layi ɗaya da ya hana wani kamfani a Kalifoniya ko Dubai ko Hong Kong neman .hausa, ko .arewa, ko .sahel, ko .kannywood. Ba a bukatar ya nemi izinin kowa a Kano ko a Damagaram. In ya nema, aka wallafa, lokacin ƙorafi ya wuce ba wanda ya tanka, to a littafin ICANN mun yarda.

Kowane adireshin intanet yana da wutsiya, wato abin da ke bayan ɗigon ƙarshe: .com, .org, .ng ta Najeriya, .ne ta Nijar. Akwai babban kundi guda ɗaya da ya lissafa wutsiyoyin nan duka da mai riƙe da kowace, kuma ta kansa ake bi kafin wayarka ta kai ka shafin da ka nema. Da can wani masanin kwamfuta a Jami'ar Kudancin Kalifoniya, Jon Postel, shi ke kula da kundin har rasuwarsa a Oktoban 1998. A wannan shekarar aka kafa ICANN, ƙungiya mai zaman kanta da ke da hedikwata a Los Angeles, a ƙarƙashin dokar jihar Kalifoniya. Gwamnatin Amurka ta ci gaba da sa mata ido ta hanyar kwangila har 1 ga Oktoba 2016, sannan ta janye hannu, ta ce ta bar wa masu ruwa da tsaki na duniya baki ɗaya.

Wanda aka ba wutsiya shi ke yanka farashi, shi ke cewa wa zai yi rajista a ƙarƙashinta, kuma yana iya ware sunaye masu farin jini ya tsawwala musu kuɗi. Kwangilar ta shekara goma ce, amma a rubuce take cewa za a sabunta masa muddin bai tafka babban laifi ba. Abin da aka bayar ya bayu ke nan. Kuma ba a yin .hausa biyu, ɗaya ta masu harshen ɗaya ta ɗan kasuwa.

Wani zai ce ina ruwanmu, ai mutanenmu a WhatsApp da TikTok da Facebook suke. Haka ne, amma gidan haya ne, mai gida na iya rufe maka shafi da safe ba tare da ya gaya maka dalili ba. Mutanen Kataloniya sun gane haka da wuri, suka karɓi .cat a 2005, da sharaɗin mai rajista ya nuna alaƙarsa da harshensu ko al'adunsu. Bayansu Baskawa suka karɓi .eus, mutanen Britaniyar Faransa .bzh, na Wales .cymru, Kurdawan Iraƙi .krd. Masu jin Hausa sun ninka yawancin waɗannan sau da yawa. Afirka kuwa, a sunayen wurare, abin da ta fita da shi daga zagayen 2012 shi ne .africa da biranen Afirka ta Kudu uku: .capetown, .durban, .joburg.

Ga iyakar kariyar da doka ta tanada. Sunan ƙasa ba a bayar da shi ga kowa. Sunan babban birni, irin Abuja ko Yamai, sai da takardar amincewar gwamnati. Jihohin da ke cikin jerin hukumar ƙa'idoji ta duniya, ISO, kamar Kano da Katsina da Zinder da Maraɗi, su ma sai da takarda. Birnin da ba hedikwatar ƙasa ba, irin Daura ko Zariya, sai idan mai nema da bakinsa ya ce don birnin yake nema. In ya ce sunan hajarsa ne, magana ta ƙare. Daga nan, in ban da sunayen nahiyoyi da manyan yankunan duniya, babu sauran katanga. Kogi, dutse, masarauta, ƙabila, harshe, duk a fili suke. Kaduna na da kariya, Zazzau ba ta da ita. Zinder na da ita, Damagaram babu. Sunan da ya shiga takardar gwamnati an tsare shi, wanda ya girmi gwamnatin an bar shi a bakin hanya.

Ba mantuwa aka yi ba, kuma a nan ne ainihin haɗarin yake. An kafa wani kwamiti na musamman a ƙarshen 2017 domin ya duba batun sunayen wurare, da shugabanni huɗu daga ɓangarori huɗu na ICANN. Wakilan gwamnatoci da dama suka matsa a faɗaɗa kariya ta haɗa da koguna da duwatsu da sunayen da ke da daraja a wurin al'ummomi. Lauyoyin masu tambarin kasuwanci da kamfanonin sayar da sunaye suka ce babu dokar ƙasa da ƙasa da ta mallaka wa gwamnati kalma. Aka shekara biyu ana kai da komo. A Oktoban 2019 kwamitin ya miƙa rahoto: ba a cimma matsaya ba. Ƙa'idar aikin kuwa ita ce, duk inda ba a cimma matsayar canji ba, dokar 2012 ce za ta zauna. Wanda tsohuwar doka ta yi wa daɗi ba ya bukatar ya ci muhawara. Ya dai yi ta cewa bai gamsu ba har lokaci ya ƙare.

ICANN tana alfahari da cewa ba ta aiki da rinjayen ƙuri'a a kwamitocinta na tsara manufa, da maslaha take aiki. Asalin tunanin mai kyau ne, daga injiniyoyin da suka gina intanet aka gaje shi: kada masu yawa su danne mai gaskiya don kawai shi kaɗai ne, a saurari kowane ƙorafi a amsa shi. Sai dai duba yadda ake auna maslahar. Shugaban kwamiti ne ke duban waɗanda suka halarta da abin da suka rubuto, ya ce a ganinsa an yarda duka, ko mafi yawa sun yarda, ko an rabu. Wanda bai zo ba, ba a lissafa shi. Wanda ya zo bai yi magana ba, yana cikin waɗanda suka yarda. A kwamitin gwamnatoci, GAC, mai mambobi fiye da 180, ma'anar maslaha a rubuce ita ce ba a samu ƙasar da ta fito ta ƙi a hukumance ba. Ɗan Najeriya ya san irin wannan maslaha daga zaɓen fid da gwani, inda ake kwana a gidan gwamnati, da safe a sanar da deliget cewa sun amince. Ko a can ma, Dokar Zaɓe ta 2022 ta shar'anta sai kowane ɗan takarar da aka tantance ya sa hannu a takarda cewa ya janye. A Los Angeles shiru ya wadatar.

To su wa ke zuwa? Kwamitin da ya tsara ƙa'idojin zagayen 2026 ya fara aiki a farkon 2016, bai miƙa rahotonsa na ƙarshe ba sai farkon 2021. Shekara biyar ana taron waya kusan kowane mako, da Turanci, kan takardu masu ɗaruruwan shafuka. Lauyan kamfani irin Verisign ko Amazon ko Google albashi ake biyansa don ya zauna a wannan kira. Malamin jami'a daga Sakkwato ko ɗan ƙungiyar sa-kai daga Yamai da datarsa zai shiga, bayan ya tashi daga aikin da ke ciyar da shi, in akwai wuta. A manyan taruka uku na shekara ana fassara zuwa harsunan Majalisar Ɗinkin Duniya, amma kafin a zo taron an riga an dafa abincin a ƙananan kwamitoci. Ba a kori kowa ba. Gajiya da tsada su ke tankaɗe mutane har a bar waɗanda ake biya.

Tsarin kansa ma ya karkata. Majalisar da ke amincewa da manufofin sunaye, GNSO, zaure biyu gare ta. Zaure ɗaya sukutum na masu riƙe da wutsiyoyi ne da dillalansu, wato waɗanda cin abincinsu ke nan, kuma babbar manufa ba ta wucewa da cikakken rinjaye sai mafi yawan wannan zaure sun yarda. A hukumar gudanarwa mai kujeru 16 masu ƙuri'a, kujera ɗaya tak aka ware wa wakilan talakawan masu amfani da intanet. An taɓa gwada zaɓe na kai tsaye a 2000, aka zaɓi darektoci biyar daga sassan duniya biyar. Cikin ƙuri'u kusan 34,000 da aka kaɗa, 130 ne daga Afirka, inda Nii Quaynor na Ghana ya ci. Shekara biyu bayan haka aka soke zaɓen gaba ɗaya.

Sakamakon ya fito ɓaro-ɓaro a 2012. Takardu 1,930 aka shigar: 911 daga Arewacin Amurka, 675 daga Turai, 303 daga Asiya da Fasifik, 24 daga Latin Amurka, 17 daga Afirka. An yi wani shirin rage wa marasa ƙarfi kuɗi, amma a ƙurarren lokaci aka fito da shi. Uku suka nema, ɗaya ya samu. A wannan karon an buɗe shirin tallafin tun Nuwamban 2024 na tsawon shekara guda, da rangwamen kashi 75 zuwa 85 cikin ɗari. Gyara ne, ba a musu. Mai karatu ya tambayi kansa ko ya taɓa jin sanarwarsa a wani gidan rediyon Hausa.

Kada kuma a ɗauka cewa da zarar an yi magana an tsira. Kamfanin Amazon ya nemi .amazon a 2012. Brazil da Peru suka ƙi, kwamitin gwamnatoci ya ba da shawarar ƙi a taron Durban na Yulin 2013, hukumar ta yi watsi da takardar a 2014. Kamfanin bai haƙura ba. Ya kai ƙara gaban kwamitin bita mai zaman kansa, a 2017 aka ce hukumar ba ta kawo hujjar kanta ba, bin gwamnatoci kawai ta yi. Aka koma sulhu da ƙasashe takwas na yankin kogin, har kamfanin ya yi musu tayin na'urorin Kindle da hidimar kwamfuta na dala miliyan 5. Ba a daidaita ba. A Mayun 2019 hukumar ta ce a ci gaba da takardar kamfanin. Ƙasashe takwas, cikinsu har da Brazil mai ƙwararrun jami'an diflomasiyya, sun yi shekara bakwai suna ja, mai dogon numfashi ya tafi da sunan.

A shekarar ce kuma ICANN ta nemi ra'ayin jama'a kan cire iyakar farashin .org, wutsiyar da ƙungiyoyin agaji da na sa-kai ke amfani da ita a ko'ina, har da namu. Ra'ayi fiye da 3,000 suka shigo, waɗanda suka goyi baya ba su kai goma ba. Ranar 30 ga Yuni 2019 aka sa hannu aka cire iyakar. Bayan kusan wata biyar sai ga sanarwa cewa za a sayar da mai riƙe da .org ga kamfanin zuba jari Ethos Capital a kan dala biliyan 1.135. An hana cinikin a ƙarshen Afrilun 2020, makonni kaɗan bayan Antoni Janar na Kalifoniya, Xavier Becerra, ya rubuto wasiƙa mai zafi. Ra'ayin mutum dubu uku bai motsa hukumar ba. Takardar jami'in jiha ɗaya a Amurka, wanda doka ta ba ikon bincikar ta, ta zo, aka ga canji. Wannan iko babu wani antoni janar a Afirka da ke da shi.

Akwai inda magana ta yi aiki, kuma ya kamata a duba dalili. Wani kamfani mai rajista a Turkiyya, Asia Green IT System, ya nemi .islam da .halal. Ƙasashe irin su Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Indonesiya suka nuna damuwa, Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, OIC, ta zartar da ƙudurin ƙi a taron ministocinta na Conakry a Disambar 2013. ICANN ta jingine takardun, a 2018 ta rufe su. Abin da ya yi tasiri shi ne an samu cibiya tsayayya, mai adireshi da hatimi, da ta ce tana magana da yawun al'ummar, kuma ta dage har ƙarshe. Ƙa'idar ƙorafin al'umma haka take: mai ƙorafi sai ya zama sananniyar cibiya da ke da alaƙa mai ɗorewa da al'ummar da ake magana a kanta. Surutu a Facebook ba ya shiga fayil.

Tambayar da ba mu amsa ba ita ce wa ke magana da yawun Hausa. Gwamnatin Kano? Ta Najeriya, wadda ke da harsuna ɗaruruwa a wuyanta? Ina Nijar, inda Hausa ce harshen mafi yawan jama'a? Ina zangon Kumasi da na Accra, ina Hausawan Kamaru da Chadi da Sudan? In muka bar tambayar nan har sai takarda ta bayyana, za mu amsa ta da rigima, kuma mun ga kuɗin rigima. Biyu suka nemi .africa: ZACR ta Afirka ta Kudu da goyon bayan Tarayyar Afirka, da DotConnectAfrica ta Sophia Bekele. Aka yi ta shari'a, daga kwamitin bita zuwa kotun Kalifoniya, sunan bai hau kundi ba sai Fabrairun 2017. Shekara biyar lauyoyin Amurka na cin kuɗi a kan sunan nahiyarmu, lokacin da wasu suka riga suka cika kasuwa.

Na AFRINIC ya fi muni. Ita ce cibiyar da ke raba lambobin intanet a Afirka tun 2005, daga Mauritius. Rikicinta da kamfanin Cloud Innovation kan lambobi kusan miliyan 6 ya kai ga kotu ta rufe asusunta a Yulin 2021, ta rasa cikakkiyar hukumar gudanarwa a 2022, kotu ta naɗa mata mai riƙo a 2023. Da aka zo zaɓe a Yunin 2025 sai aka soke shi saboda zargin wasu sun zo da takardun wakilci na mambobin da suka ce ba su ba kowa ba. Sai a Satumba aka sake. Mambobi da yawa sun yi shekaru suna biyan kuɗin shekara ba sa leƙa taro, ga shi an wayi gari ana takaddama kan wa ya yi magana da sunansu. Ba a ICANN kawai ake lissafa shiru a matsayin yarda ba, har a gida.

Masu cewa maganin shi ne a karɓe komai a miƙa wa gwamnatoci su yi hattara. Gwamnatin da ta rufe Twitter daga Yunin 2021 zuwa Janairun 2022, ta katse layukan waya a Zamfara a Satumbar 2021, da wadda ta yanke intanet na wayar hannu a Nijar bayan zaɓen Fabrairun 2021, ba su ne za a ba makullin sunan harshe su kaɗai ba. Muna bukatar kujerarsu a GAC, domin gargaɗin farko da shawarar ƙi daga can suke fitowa, kuma hukumar ba ta iya ture shawarar da gwamnatoci suka haɗu a kai sai da kashi 60 cikin ɗari na ƙuri'unta. Amma bakin al'umma dabam, bakin gwamnati dabam. Kuma ba daga sifili za a fara ba: Manal Ismail ta Masar ta shugabanci GAC daga 2017 zuwa 2023, Mary Uduma, tsohuwar shugabar NiRA mai kula da .ng, tana cikin kwamitin da ya haɗa shirin miƙa ragamar 2016. Akwai waɗanda suka san hanya, ba a dai tambaye su da Hausa ba.

Aikin da ke gabanmu ba ya bukatar dala 227,000. Hukumar harsuna ta Tarayyar Afirka, ACALAN, tana da kwamitin Hausa da ya ratsa iyakoki. Irin cibiyar da ƙa'idar ƙorafi ke nema ke nan. Ita da cibiyar nazarin harsunan Najeriya ta Jami'ar Bayero, da sassan Hausa na Zariya da Sakkwato, da Jami'ar Abdou Moumouni ta Yamai, da masarautun ɓangarorin biyu, su fitar da takarda ɗaya tun yanzu mai cewa ba a ba da sunan Hausa sai da yardarsu, su aika wa wakilan Najeriya da Nijar a GAC, su ajiye kwafi a wurin ICANN. Ƙungiyoyin marubuta da na 'yan fim da na matasan fasaha su shiga AFRALO, reshen Afirka na masu amfani da intanet. Ba a biyan ko sisi, kuma a 2012 wannan ɓangare yana da damar shigar da ƙorafi da kuɗin ICANN, haka ma akwai lauya mai zaman kansa da aka naɗa don ya yi ƙorafi a madadin al'ummomi. Wanda ya shiga kwamiti kuma ya ga abin da bai yarda da shi ba, ya rubuta ƙin yardarsa a saka a rahoto, kada ya bar shi a hirar bayan taro.

Bayan an rufe karɓar takardu ICANN za ta wallafa jerin duk sunayen da aka nema da masu nemansu, jim kaɗan bayan haka kuma agogon ƙorafi zai fara tafiya, watanni kaɗan ne. A 2012 jerin ya fito ranar 13 ga Yuni. Dole a sa mutum, da sunansa da lambar wayarsa, wanda aikinsa a ranar shi ne ya karanta jerin daga farko har ƙarshe, har da sunayen da aka rubuta da haruffan Larabci, domin ana iya neman sunan da ajami.